Lambar da Na Rubuta a Littafin Awo

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Ba mahaifina ba ne, amma haka kowa ke kiransa a wurin aikinmu, har da maigida. Tun ranar da aka tara mu aka sanar nake juye-juye da dare, daga baya na ga gara in rubuta abin da ke cikina tun yana nan tare da mu, domin akwai abin da ya taɓa haɗa ni da shi wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a wajen kamfaninmu.

Kamfanin ƙarami ne, mu 8 ne duka-duka. Daɓen katako muke yi: mu shimfiɗa sabo, mu goge tsoho, mu shafa masa mai ko banish. Muna da sito guda, da ɗan ofis a gefensa inda Anti take zama da waya da takardun ciniki. Sauranmu kullum muna durƙushe a gidajen mutane.

Ina da shekara 19 na shiga, kuma shara aka ɗauke ni. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, karatu ya tsaya, ƙanne na kallona. Wata shida cur ba abin da hannuna ya taɓa sai tsintsiya da injin zuƙe ƙura, kuma a raina ina ganin an raina ni. Ran nan na share wani ɗaki sama-sama na ce na gama. Baba ya durƙusa, ya shafa ƙasan da tafin hannu, ya tsinto wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba, ya ɗora mini ita a hannu. Ya ce, "Yaro, wannan idan ta shige ƙarƙashin falanki, shekara goma za ta yi tana kuka duk wanda ya taka, kuma sunanmu za ta riƙa kira." Na koma na sake shara.

Daga shara aka matsar da ni zuwa dako, daga dako zuwa buɗe ɗauri da ware falankai. A nan ne Baba ya fara zuba mini karatun da har yau nake ci da shi. Abin da yake yawan nanatawa shi ne katako ba ya gama mutuwa. An sare bishiya, an tsaga, an busar a tanda, an fere, duk da haka yana shan danshi daga iska yana kuma amayar da shi. Da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. A tsawonsa kusan ba ya motsi, a faɗi yake yin tafiyarsa. Falankin itacen ok mai faɗin santimita 18, idan danshin jikinsa ya hau da kashi 4 cikin 100, zai iya ƙara sama da milimita 2. Abin kamar ba komai ba. To amma ɗaki mai faɗin mita 5 yana cin falanki kusan 28, sai ka tara ka ga an doshi santimita 6 ko 7, kuma bango ba ya matsawa. Shi ya sa muke barin tazarar milimita 10 zuwa 15 a gindin kowane bango, da kewayen ginshiƙi da bututu, a rufe ta da katakon gindin bango. Shi ya sa kuma idan an kawo kaya ba ranar muke shimfiɗawa ba. Sai sun kwana kwanaki a cikin gidan da za su zauna, sun saba da iskarsa, muna soka musu ma'aunin danshi mai allura biyu har sai lambar ta daina yawo. A gidan da iskarsa take daidai, lambar takan tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 9, a wuri mai laima ta ɗan ɗara haka.

Duk wannan na sani. Ina so a riƙe wannan, domin abin da na yi daga baya ba jahilci ba ne.

A shekarata ta biyar gwiwar Baba ta tara ruwa, likita ya kwantar da shi. Ciwon masu sana'armu ke nan, durƙuso daga safe zuwa yamma shekara da shekaru. Akwai babban aiki a gabanmu, sabon gida, falo da ɗakuna uku, falankin ok zalla mai faɗi, za a manna shi da gam a kan siminti. Maigida ya kira ni ofis ya ce ni zan jagoranci aikin. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na kira mahaifiyata tun kafin in fita daga sito.

Simintin gidan mako biyar da zubawa, kaurinsa kuwa ya kai santimita 7. Lissafin da masu sana'a suke yi da ka shi ne kwana ɗaya ga kowane milimita ɗaya har zuwa milimita 50, abin da ya haura haka kuma ya fi jan lokaci, ko da iska na shiga. Ko da yatsu mutum ya ƙirga ya san da saura. Duk da haka na bi ƙa'ida: na liƙa akwatin awon danshi a kan simintin, na toshe gefensa, na bar shi awa 72. Masu yin kayan sun rubuta kada a shimfiɗa idan lambar akwatin, wato danshin iskar da ta taru a cikinsa, ta wuce kashi 75 cikin 100, wasu kamfanonin ma 65 suke cewa. Da na dawo na leƙa, sai ga 86.

Mai gidan yana tsaye a kaina. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi ko kaɗan. Wa'adin gidan da yake haya ya ƙare, matarsa na da tsohon ciki, kayansu na ɗaure. Ya ce, "Malam, don Allah ka taimaka, dubi fa ƙasan nan ya bushe ƙarau." Gaskiya ne, saman ya yi fari fat. Na dafa shi da hannu, ba sanyi. Na san saman siminti yaudara ne, ruwan yana can ciki yana hawowa a hankali. Amma na hango kaina ina kiran maigida a aikina na farko ina ce masa a ɗaga da wata guda ko biyu, na hango shi yana tunanin yaron nan bai isa ba. Na buɗe littafin awo na rubuta 74.

Kwana takwas muka yi muna shimfiɗawa, kuma wallahi ya yi kyau. Na baza mahaɗan kan falankai yadda babu biyu da suka kusanci juna ƙasa da santimita 15, na gauraya masu duhu da masu haske daga ɗauri daban-daban don kada launi ya taru a kusurwa ɗaya. Mai gidan ya rungume ni. Maigida ya yabe ni a gaban kowa, ya ƙara mini albashi. Na karɓa. Ban ce uffan ba, ina ta roƙon Allah a ɓoye ya sa katakon ya rufa mini asiri.

Mako bakwai bayan nan wayar Anti ta yi ƙara. Ƙofar falo ta ƙi buɗuwa.

Baba ya samu sauƙi lokacin, yana dogara sanda. Maigida ya ce mu je tare. Muna shiga ya cire takalmi da safa ya taka daɓen da ƙafarsa, a hankali, daga wannan bango zuwa wancan. Ni kam ba sai na taka ba. Hasken taga ya kwanta a kai, sai falon ya zama kamar kunyoyin gona: kowane falanki gefunansa sun ɗago, tsakiyarsa ta lotsa. A bakin ƙofa uku sun ɓalle daga gam sun yi tozo. Tazarar gindin bango ta cike tam, ko farce ba ya shiga. Baba ya sa aka ɗaga falanki ɗaya. Ya soka ma'auni a samansa, 10. Ya juya shi ya soka a ƙasansa, 16. Ƙasan ya sha ruwa ya buɗe, saman yana nan yadda yake, dole ya lanƙwashe. Matar gidan tana tsaye daga nesa da jariri a kafaɗa.

A mota muna dawowa ya ce, "Ɗana, nawa akwatin ya nuna maka ranar?" Na ce, "74, Baba." Ya yi shiru har muka wuce lanƙwasar hanya biyu, sannan ya ce, "To." Bai ƙara ba.

Kwana uku na yi da wannan "to" ɗin a ƙirjina. Maigida kuwa ya shiga neman dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Ya sa aka duba ko bututu ne ya fashe a ƙasa, ba shi ba ne. Ya aika ma'aunin a gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Ya kira masu sayar mana da katako, suka turo takardar awonsu. Da aka rasa mafita sai zargi ya fara karkata ga abokin aikina, wanda nake kira Yaya, shi ya shafa gam a aikin. Aka fara cewa wataƙila ya bar wurare ba gam, wataƙila ya goge simintin da jiƙaƙƙen tsumma. Mutumin nan ya girme ni, yana da 'ya'ya huɗu, shi ya koya mini riƙe zarto. Na ji shi a bayan sito yana rantsuwa wa direba cewa bai yi ba, muryarsa na rawa. Daren ban runtsa ba. Da safe kafin kowa ya zo na tsaya a ƙofar ofis da littafin a hannu.

Na ce, "Maigida, 86 ne. Ni na rubuta 74."

Na shirya wa ihu, na shirya wa kora. Ya daɗe yana kallon shafin. Abin da ya fara cewa shi ne, "Me ya hana ka kira ni?" Na faɗa masa gaskiya, tsoro ne da son a ce na iya. Ya ce, "Kai aikinka ka karanta lamba ka faɗa. Tsayawa gaban mai gida a sha faɗa, wannan nawa ne. Ka ɗauke mini aikina, ka kuma ƙi yin naka." Daga nan ya ɗaga waya a gabana ya kira mai gidan, ya ce laifin kamfaninmu ne, mun shimfiɗa a kan simintin da bai bushe ba, za mu cire mu sake, ba zai biya ko sisi ba, kuma mu za mu ɗauki nauyin inda za su zauna. Bai ambaci sunana ba.

Abin bai tsaya a kaina ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Ƙaramin kamfani ba shi da rumbun da zai ɗebi irin wannan asara bai ji a jikinsa ba. An daɗe ana tara kuɗin mota ta biyu, aikin nan ya lashe su, sai da aka ƙara fiye da shekara kafin a saya. Duk tsawon lokacin nan mutum bakwai da injina muna matsuwa a mota ɗaya, ana sahu biyu, ana tashi da asuba ana komawa gida bayan duhu. Ba wanda ya taɓa goranta mini, amma ina gani. Yaya ya yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma yana da gaskiya. Na je har gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma sai da zuciyarsa ta sauka da kanta.

Mai gidan ya so a gajarce wahala. Ya ce tunda muna da injin guga, a bi ta kai a goge tudun ya kwanta, shi ke nan. Baba ya zaunar da shi ya yi masa bayani da falanki a hannu. Idan aka goge yanzu, gefunan da suka ɗago ne za a cinye. Ranar da ƙasan ya bushe falankin ya koma miƙe, gefunan sun riga sun sirance, sai tsakiya ta zama ita ce tudu, an yi gudun gara an faɗa wa zago. Inda lanƙwasar kaɗan ce akan jira watanni katakon ya koma da kansa kafin a taɓa shi. Namu kuwa ya ɓalle daga gam, kuma simintin na ci gaba da turo ruwa. Dole a cire.

Maigida ya ce da hannuna zan cire. Kwana tara na yi da guduma da ƙarfen ɓamɓara, ina tayar da abin da na shimfiɗa ina taƙama, ina kankare busasshen gam daga siminti taku bayan taku har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. A rana ta biyu na ji sallama. Baba ne, ba wanda ya aiko shi. Ya kifa bokiti ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce in riƙa miƙo masa falankan. Yana duba kowanne, wanda zai moru ya ajiye dama, wanda ya tsage ya ajiye hagu. Muna cikin haka na ce, "Baba, ka sani tun a mota ko?" Ya ce, "Tun kafin mota. Siminti mai kaurin nan ba ya kai 74 a mako biyar." Na ce me ya sa bai faɗa wa maigida ba. Ya ce, "Da na faɗa, da ka zama wanda aka kama. Na so ka zama wanda ya faɗa. Amma da an kai ranar Juma'a ana zargin yayanka, da na buɗe baki." Na sunkuyar da kai na ci gaba da kankara, hawaye na ɗiga a kan simintin.

Aka sa na'urar tsotse danshi, aka jira har lambar ta sauko da kanta, aka shafa maganin tare laima, muka sake shimfiɗawa. Daɓen yana nan har yau. Jaririn nan ya shiga makaranta, bara ma mun koma mun sabunta musu mai.

Bayan an gama, maigida ya kafa doka: kowane awo sai an ɗauki hoton lambar da waya, mutum biyu su sa hannu. Sannan ya yi abin da ya ba kowa mamaki, ya damƙa littafin awo na kamfanin gaba ɗaya a hannuna. Anti ta tambaye shi a gabana ko ya yi tunani. Ya ce ya yi. Shekara tara ke nan littafin yana wurina, mun cika guda huɗu, kuma shafin nan mai 74 ban yage shi ba. Na ja masa layi na rubuta 86 a gefe.

Ba wannan kaɗai Baba ya bar mini ba. Guga ita ce ainihin gwanintarsa. Injinmu babba ya kusa kilo 80, mutum biyu ke hawa bene da shi, amma a hannun Baba sai ka ce akuya ce yake ja. Dokarsa ta farko, injin ba ya tsayawa wuri ɗaya yana ci. Kana tafiya kake sauke gangar da samfefa ke naɗe a kanta, kana tafiya kake ɗaga ta, in ka tsaya ko na ƙiftawar ido ne ta haƙa rami, kuma ramin ba ya nuna kansa sai an shafa banish, lokacin da gyara ya zama sake aiki. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 36 ko 40, a bi da 60, sai 80, a ƙare da 100 ko 120. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari. Mai gaggawa yakan yi tsalle daga 40 zuwa 100, ƙasan ya yi sumul a ido, ranar da aka shafa launi zane ya fito reras. Tsohon daɓe ma ba kullum ake gogarsa ba. Abin da ke saman harshen falanki, wato wurin da wannan ke shiga kwarmin wancan, bai fi milimita 6 ba a yawancin katako zalla, kuma kowace guga tana cin wajen milimita ɗaya. Sau da yawa Baba ya ƙi aiki da kuɗinsa, ya ce wa mai gida wannan ya gama bayar da abin da yake da shi, a wanke a shafa mai kawai.

Mutane kan tambaye mu wane katako ya fi tauri, kamar taurin ne komai. Akwai ma'aunin da ake kira Janka, ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse a katako a ga ƙarfin da ya ci. Farin ok yana da 1360 a wannan ma'auni, jan ok 1290, walnot 1010. Amma a shekarun nan da na yi, daɓen da na ga ya lalace saboda laushin itace ba su da yawa. Ruwa ne ke kashe su, da yashi a ƙasan takalmi, da ƙafar kujera marar ƙyalle. Shi ok ma ko ƙusa ce ta jiƙe a kansa sai ta bar baƙin tabo, domin sinadarin da ke jikinsa ba ya jituwa da ƙarfe.

Sana'ar tana cin jiki, wannan ba na ɓoye wa duk wanda ya zo neman koyo. Zamanin da Baba ya fara, hanki kawai ake ɗaurawa a hanci, kunne kuwa a buɗe. Yau sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka ta hagu. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Shi Baba Allah ya tsare shi daga wannan, amma shi ne ya fi kowa tsanani a kan takunkumi da toshin kunne da matashin gwiwa. Ya taɓa mayar da ni gida rabin rana don na zo babu takunkumi. Akwai kuma maganar tsumma. Tsumman da aka shafa man katako da shi, idan aka dunƙule aka jefar, man yana bushewa yana fitar da zafi, zafin ya taru a ciki har ya kama da wuta ba tare da ashana ba. Mun ga wannan da idonmu ranar da direbanmu ya jiyo ƙauri a bayan mota ya tarar da leda tana hayaƙi. Tun daga ranar kowane tsumma a bokitin ruwa yake ƙarewa, jakar ƙurar inji kuma ba ta kwana a gidan kowa.

Bana sauye-sauye sun yi yawa a gidanmu. Anti ta dawo daga hutun haihuwa, kuma watanni ukun da ba ta nan sun nuna mana ko ita wace ce: sau biyu muka je gida ɗaya da ƙungiya biyu, wani gidan kuma ba kowa. Direbanmu ya daɗe yana leƙen aiki daga bakin ƙofa, yanzu an ba shi guduma, kwana uku a mako yana shimfiɗa tare da mu. Yaya ya tafi ya buɗe nasa. Na ji zafin tafiyarsa ƙwarai, amma ina ganin haka ya dace, mutum ba zai tsufa yana jiran albashin wani ba alhali hannunsa ya nuna. Maigida ya ba shi tsohon injin gugar gefe kyauta, kuma ƙananan ayyukan da suka yi mana yawa shi ake tura wa. Yakan kira ni idan lamba ta rikita shi.

Sai kuma sabuwar ɗalibarmu, mace ta farko da ta fita fagen aiki tare da mu. Da farko wasunmu sun yi gunaguni, sun ce ba za ta iya ɗaukar inji ba. To ai ba wanda ke ɗaukarsa shi kaɗai. Abin da take da shi ido ne da lissafi. Shimfiɗar ƙashin kifi, wadda ake jera gajerun katakai suna haɗa kai a karkace, ba ta yafe kuskure: in layin farko ya kauce da milimita ɗaya, kafin ka kai bango ya zama abin da makaho ma zai laluba ya ji. Yarinyar nan takan ɓata awa guda tana buga zare tana gwada kusurwa da awon 3, 4, 5 da muke tabbatar da daidaiton kusurwa da shi, kafin ta ajiye katako ɗaya. Baba ya tsaya yana kallonta ran nan, ya juyo ya ce mini, "Wannan ba sai an koya mata jira ba." Ita ce ma ta karanto mana a waya cewa a fadar Barsai ta Faransa, wajen 1684, an koma daɓen katako ne saboda yawan wanke daɓen marmara yana ruɓar da katakan da ke riƙe da bene. Baba ya yi dariya ya ce ashe har sarakuna ruwa bai ƙyale ba.

Jiya da yamma bayan an tashi ya kira ni sito. Ya buɗe akwatin kayansa ya ciro ƙaramin ƙarfen kankara da yake gyara kusurwoyi da shi, inda inji ba ya kaiwa. Ƙotarsa ta yi baƙi, ta lotsa daidai wurin babban yatsansa. Ya ce, "Ungo, ɗana. Ka riƙa wasa shi kafin ka fara, ba bayan ya gaji ba." Na karɓa da hannu biyu. Na so in yi masa godiya a kan wancan bokitin da ya kifa ya zauna, bakina ya kasa. Ya dafa kafaɗata ya ce in taimaka masa da akwatin zuwa mota.

Yau da safe ni da ɗalibar muka je wani sabon gida buɗe akwatin awon da muka liƙa kwana uku da suka wuce. Mai gidan ya riga mu zuwa, da makullai a hannu, yana cewa masu kawo kujeru suna hanya ranar Asabar. Na ce mata ta karanta. Ta durƙusa ta duba, ta ce, "81, Yaya." Ta ɗauki hoto, ta rubuta a littafi, ta sa hannu, na sa nawa a ƙasa. Mutumin ya fara magana, na ce masa ya yi haƙuri, maigidanmu zai kira shi yanzu. Na fita waje na buga waya. Mun kunna masa na'urar tsotse danshi kafin mu tafi, za mu koma bayan mako biyu mu sake liƙa akwatin.